Wai ta yaya aka san 3I/ATLAS baƙo ne ba ɗan gida ba?

Ɗan Gwale: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilmin sama a taimaka min. Abin nan da ake ta surutu a kai, 3I/ATLAS, an ce jiya 19 ga Disamba 2025 ya zo kusa da duniya iyakar kusancin da zai yi, wai kilomita miliyan 270. Tambayata biyu ce, na ɗaya waye ya je ya auna, na biyu ta yaya aka san daga wajen tsarin ranarmu ya zo tunda a duk hotunan da na gani ɗigo ne fari kawai kamar sauran taurari. Na ga wani bidiyo a TikTok ma ana cewa jirgin halittun wata duniya ne NASA ke ɓoyewa.

Kawu Bala: Wa alaikumus salam. Yaro ka yi tambaya mai kyau, ni ma ita nake yi tun tuni. Mutum yana zaune a ofis da esi ya ce maka abu na gudun kilomita 58 a daƙiƙa ɗaya, wa zai ƙaryata shi? ba mai zuwa ya duba ai. Su faɗi lamba mu ce to.

Maman Ilham: Kawu kai dai kullum 😂 a bari Malam ya zo

Malam Lissafi: Wa alaikumus salam. Ɗan Gwale gaskiyarka ne, a hoto ɗaya ɗigo ne, kuma hoto ɗaya ba ya gaya wa kowa komai. Ba wanda ya kalli hoton ya gane baƙo ne. Daga motsinsa aka gane.

Ga yadda abin ya faro. Akwai wani shiri na Jami'ar Hawai da NASA ke ba kuɗi, sunansa ATLAS, aikinsu gadin sama ne saboda duwatsun da za su iya faɗo mana. Na'urorin hangen nesansu ba ma manya ba ne, faɗin madubin rabin mita ne, akwai a Hawai akwai a Afirka ta Kudu wajen Sutherland akwai a Chile. Kowane yanki na sama sai su ɗauke shi hoto sau huɗu a cikin kamar awa ɗaya, sai kwamfuta ta ɗora hotunan a kan juna, taurari na nan inda suke ba sa gusawa, duk ɗigon da ya matsa daga hoton farko zuwa na huɗu to shi ake yi wa alama. Ranar 1 ga Yuli 2025 na'urarsu ta Río Hurtado a Chile ta kama wannan, lokacin yana nesa da rana da kilomita wajen miliyan 670.

Kawu Bala: Yauwa nan nake jiranka. miliyan 670 ɗin daga ina ta fito? hoto yana nuna nisa ne?

Malam Lissafi: Ba ya nunawa Kawu, kuma nan ne aikin yake. Hoto yana ba ka jiha ne kawai, wato ta wane ɓangaren sama abin yake a daidai wannan daƙiƙar, ana auna shi da taurarin da ke bayansa waɗanda an riga an san mazauninsu sosai, yanzu da kundin da kumbon Gaia na Turai ya haɗa ake aiki, taurari fiye da biliyan ɗaya. Nisa kuma sai an fito da shi ta lissafi.

Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, rufe idon hagu ka duba abin da yatsan ya rufe a bango, sannan buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan ya yi tsalle. Matso da shi kusa da hanci tsallen ya ƙaru, nesanta shi ya ragu. To duniyarmu ba a tsaye take ba, tana juyawa kuma tana tafiya kusan kilomita 30 a daƙiƙa tana kewaya rana, don haka hoton daren yau da na gobe daga wurare biyu aka ɗauke su masu nisan fiye da kilomita miliyan biyu, ga na Chile ga na Hawai ga na Afirka ta Kudu. Sai a tambayi lissafi, wace hanya ce guda ɗaya da abu zai bi a ƙarƙashin jan rana har ya bayyana a duk waɗannan wuraren a waɗannan lokutan? Lambobi shida ake nema su ne ke fayyace hanyar gaba ɗaya, kowane hoto yana ba da biyu, shi ya sa a ƙa'ida gani uku ya isa a fara, amma a aikace ɗaruruwa ake tarawa har dubbai.

Auta: Malam wannan shi ne abin Gauss ɗin da ka taɓa faɗa mana?

Malam Lissafi: Shi ne Auta. 1 ga Janairu 1801 wani masanin taurari, Piazzi, ya gano Ceres, wata ƙaramar duniya da ke tsakanin Mars da Jupita, daga Palermo ta Italiya, ya bi ta 'yan makonni sai ta shige hasken rana ta ɓace. Gauss, masanin lissafi ɗan Jamus, yana ɗan shekara 24 ya ɗauki 'yan ma'aunan nan ya yi lissafi da hannu ya ce ku duba wuri kaza, ƙarshen shekarar aka duba aka same ta. Ba kwamfuta ba intanet.

Kawu Bala: Tarihin turawa ne wannan, su suka rubuta abinsu

Injiniya: Kawu ka tuna husufin rana na 29 ga Maris 2006? wanda ya bi ta Gana da Najeriya da Nijar gari ya yi duhu da safe. Tun kafin ranar rediyo ke ta faɗa, har da lokaci, ana cewa kar a kalla da ido haka nan. Wannan kai ka gani ba bature ya ba ka labari ba, kuma lissafin jan nan ne dai guda ɗaya.

Kawu Bala: Wata da rana daban, kullum muna ganinsu, shekara dubbai ana bin su. Wannan kuwa jiya jiya aka gan shi

Maman Ilham: A nan kam Kawu na da magana. Malam cikin kwana nawa suka yanke hukuncin baƙo ne? ni na ji kamar washegari aka sanar, ba gaggawa a ciki?

Malam Lissafi: Washegari ne Hajiya, 2 ga Yuli, amma ba da hotunan dare ɗaya aka yanke ba. In ATLAS ta ga sabon abu tana aikawa wata cibiya a Cambridge ta jihar Massachusetts a Amurka, Minor Planet Center, su kuma su liƙa a shafin da kowa ke gani, da ƙwararru da masu yi don sha'awa da ke da na'ura a bayan gida, kowa ya duba ya aiko da nasa ma'aunin. Lokacin ma sunan wucin gadi gare shi, A11pl3Z. Sannan da zarar an samu hanya ko da ta ƙiyasi ce sai a juya lissafin baya, a ce in haka ne to sati biyu da suka wuce yana wuri kaza, a je a tono tsofaffin hotuna. Aka tono a na ATLAS ɗin kanta da na wata na'ura a Palomar ta Kalifoniya aka same shi zaune a ciki tun 14 ga Yuni ba wanda ya lura, saboda ta wajen tsakiyar Milky Way, wato babban garken taurarin da ranarmu ke ciki, ya ɓullo inda taurari suka yi cunkoso kamar me, ɗigo ɗaya ɓacewa yake a ciki. Kin ga a rana ɗaya ma'auni ya tashi daga awa ɗaya zuwa fiye da sati biyu. Daga baya ma an gano shi a hotunan kumbon TESS na watan Mayu.

Kuma ku lura wannan tonon gwaji ne a karan kansa. Da lissafin ƙarya ne da an je wurin an tarar ba komai.

Ɗan Gwale: To na gane nisa. Saura baƙuncin

Malam Lissafi: Gudu ne ya tona shi. A kowane nisa daga rana akwai iyakar gudun da in abu ya wuce shi rana ba za ta iya riƙe shi ba. A nan inda duniya take kilomita 42 ne a daƙiƙa, can inda aka gano shi ya sauka zuwa wajen 20 saboda jan ya yi rauni. Shi kuwa wannan a wurin yana yin kusan 61. Ninki uku. In ka cire abin da jan rana ya ƙara masa yana tahowa sai ka ga da 58 ya shigo tun daga can waje. Duk abin da aka haifa a gidan nan ya faɗo daga nesa to da kusan sifili yake farowa.

Akwai kuma lamba ɗaya cikin shidan nan da ke nuna siffar hanya. In sifili ce da'ira ce cif, tsakanin sifili da ɗaya hanya ce rufaffiya mai tsawo abin zai je ya dawo, kamar tauraro mai wutsiya na Halley da ke da 0.97, ya zo 1986 zai dawo 2061 ga mai rai. In ta wuce ɗaya hanyar a buɗe take ba dawowa. ʻOumuamua na 2017, baƙo na farko da aka taɓa ganowa, yana da 1.2, Borisov na 2019, baƙo na biyu, wajen 3.4, wannan kuma 6 da ɗoriya. Rana ma da kyar ta ɗan lanƙwasa shi.

Injiniya: Malam bari in tsaya wa Kawu a nan don akwai inda za a iya kama ka. Wuce ɗaya kaɗai ba hujja ba ce. Akwai tauraro mai wutsiya da Bowell ya gano a 1980, ɗan gida ne, ya bi ta kusa da Jupita ta wurga shi lambarsa ta koma 1.057, yanzu haka fita yake ba zai dawo ba. Me zai hana a ce wannan ma haka aka yi masa?

Kawu Bala: Allah ya yi maka albarka Injiniya, ashe akwai masu gaskiya a gidan

Malam Lissafi: Haka ne kuma ana dubawa. Amsa biyu. Ta farko in aka mayar da hanyarsa baya ba inda ya gifta kusa da Jupita ko Zuhal ko wata babbar duniya yana shigowa, ba wanda ya taɓa shi. Ta biyu ko ya gifta ɗin, Jupita ba ta da ƙarfin da za ta mayar da abu daga 1 zuwa 6. Duba na Bowell ɗin da ka kawo, duk wurgin da aka yi masa 0.057 ya ƙaru a kan ɗaya. Kumbon Voyager 1 da aka tsara da gangan ya ci moriyar Jupita da Zuhal duka biyu yana fita ne da wajen 17 a daƙiƙa.

Injiniya: Na karɓa. Kawu yi haƙuri na koma 😅

Hajiya Turai: Ni duk wannan lissafin ya fi ƙarfina, abin da nake so in ji shi ne maganar farfesan nan na Harvard. Ai ba ɗan TikTok ba ne, farfesa ne guda, shi ma bai san lissafin ba ne?

Injiniya: Avi Loeb. Ya sani sarai Hajiya, kuma abin da mutane ba sa lura da shi shi ne bai taɓa musun hanyar ba, da ita ma yake kafa hujja. Cewa yake hanyar ta kwanta kusan daidai da shimfiɗar da duniyoyinmu ke kewayawa a kai, bambancin digiri 5 ne kawai duk da ta baya yake bi, sannan ta bi kusa da Mars da Jupita, wai wannan dacen ya yi yawa. A takardar da suka fitar a Yuli ma su da kansu sun ce abin da ya fi yiwuwa nesa ba kusa ba shi ne tauraro mai wutsiya ne na halitta. Masu bidiyo ne ba sa karanta wannan layin. Kuma ba yau ya fara ba, a 2018 ma ya ce ʻOumuamua ƙila wani falle ne da aka ƙera hasken rana na tura shi.

Malam Lissafi: Na ʻOumuamua ya fi ba da wahala gaskiya, kuma dalilin shi ne an makara. Robert Weryk ya gan shi 19 ga Oktoba 2017 da na'urar Pan-STARRS a Hawai, alhali tun 9 ga Satumba ya riga ya kewaye rana yana kan hanyar fita, ƙarami ne yana dusashewa kullum, na'urar hangen nesa ta Hubble da ke sararin samaniya ta yi masa ganin ƙarshe farkon Janairu 2018 shi ke nan. Da Marco Micheli da abokan aikinsa suka tattara duk ma'aunan sai suka ga jan rana da duniyoyi kaɗai bai cika lissafin ba, akwai ɗan turi ƙarami da ya rage, suka buga a mujallar Nature a Yuni 2018. Taurari masu wutsiya suna yin haka, rana ta gasa ƙanƙarar jikinsu iska ta fita ta tura su, matsalar ita ce shi ba a ga wutsiya ko ƙura a jikinsa ba. Daga nan kowa ya kawo nasa, wasu suka ce ƙanƙarar naitrojin ce, a 2023 Bergner da Seligman suka ce haidrojin ne ke fita daga ƙanƙarar ruwa. Har yau ana ja.

Amma Kawu ina so ka ga wani abu a nan. Mutanen da kake cewa suna faɗin lambar da suka ga dama, su ne ma'auninsu ya ƙi daidaita da lissafinsu da ɗan kaɗan suka fito suka faɗa wa duniya. Mai ƙirƙirar lamba ai daidai za ta riƙa fito masa kullum.

Kawu Bala: Ko kuma jirgin ne ya taka totur 😎

Maman Ilham: Kawu ka tsaya waje ɗaya mana, ɗazu ka ce ba wanda ya san gudunsa yanzu kuma har ka san ya taka totur

Auta: 😂😂😂

Hajiya Turai: To shi 3I ɗin an ga wutsiyar?

Injiniya: An gani, tun farko ma akwai hazo kewaye da shi shi ya sa aka ba shi suna na biyu C/2025 N1 irin na taurari masu wutsiya. Hubble ta ɗauke shi 21 ga Yuli, na'urar James Webb, ita ma a sararin samaniya take, ta duba shi 6 ga Agusta ta ga iskar kabon dayokzaid mai yawa da ruwa, MeerKAT ta Afirka ta Kudu da ke sauraron rediyo ta kama alamar abin da ruwa ke zama in hasken rana ya farfasa shi, wannan ne wasu suka juya suka ce wai an ji sigina daga jirgi. Hazon nan kuma shi ke hana a san girmansa daidai, Hubble ta ce dai bai wuce kilomita 5.6 ba kuma zai iya zama ƙasa da kilomita ɗaya. Yana ma ɗan ɓata ma'aunin hanya don tsakiyar haske ba lallai ta zama tsakiyar dutsen ba.

Ɗan Gwale: Amma me ya sa NASA ta yi shiru a Oktoba? a bidiyon nan wannan suka fi nanatawa, wai daidai lokacin da ya ɓuya bayan rana

Injiniya: Gwamnatin Amurka ce aka rufe saboda rikicin kasafin kuɗi daga 1 ga Oktoba har 12 ga Nuwamba, ma'aikata na gida ba albashi wa zai saka maka hoto a shafi. Da aka buɗe, sai ranar 19 ga Nuwamba suka fito da su. Shiga bayan rana kuma tun Yuli kowa ya san zai faru, a jadawalin yake.

Malam Lissafi: Kuma NASA ba ita kaɗai ke da ido ba. Abin da ya fi burge ni a duk labarin nan ma a watan Oktoban ya faru. Ranar 3 ga Oktoba ya wuce Mars da tazarar kilomita wajen miliyan 29, hukumar sararin samaniya ta Turai tana da kumbo da ke kewaya Mars, ExoMars Trace Gas Orbiter, kyamararsa an yi ta ne don kallon ƙasan Mars da ke ƙarƙashinsa mai haske, sai suka juya ta sama suka nemo wannan ɗan dusasshen ɗigon. Wahalar ita ce sai ka san inda shi kumbon yake daidai a daƙiƙar da ya ɗauki hoton alhali yana gudu yana kewaya wata duniya da ita ma gudu take. Suka yi, suka haɗa da ma'aunan da aka yi daga nan, kuskuren hasashen inda abin zai kasance ya ragu ninki goma. Ɗan Gwale yatsan nan na ɗazu ne, sai dai ido ɗaya a duniya ɗaya a Mars. Shi ne karo na farko da cibiyar Cambridge ɗin ta karɓi ma'auni daga kumbon da ke kewaya wata duniya.

Bayan nan ya kai iyakar kusancinsa da rana ƙarshen Oktoba, 29 ga wata, ɗan cikin hanyar Mars kaɗan, da Nuwamba ta kama masu na'urori suka jira shi ta gabas kafin asuba ya fito inda aka ce zai fito.

Auta: Malam tunda ana iya mayar da hanyar baya me ya hana a bi ta har a gano tauraron da ya fito daga wajensa?

Malam Lissafi: An gwada, an bi shi baya shekaru miliyoyi da kundin Gaia ba a samu tauraron da za a ce shi ne gidansu ba. Jihar da ya shigo an sani, ta wajen taurarin Sagittarius. Amma ɗan kuskuren da bai kai komai ba a wata shida in ka ja shi shekara miliyan ɗari ya zama babba, ga taurarin su ma tafiya suke, ga duk wanda ya gifta kusa da shi a hanya ya ɗan karkata shi. Wasu masu bincike a Oxford sun ƙiyasta daga gudunsa cewa zai iya haura shekara biliyan 7, wato ya girmi ranarmu mai biliyan 4.6, amma wannan ƙiyasi ne na yiwuwa, kar ka ɗora shi a mizani ɗaya da hanyar da aka auna.

Hajiya Turai: Subhanallah. Ikon Allah sai kallo

Kawu Bala: Ni dai har yanzu ban ga abin da zan riƙe a hannu ba. Ku ba ni abu ɗaya da bai faru ba tukuna, in ya faru yadda kuka ce sai mu yi magana

Injiniya: 16 ga Maris 2026 zai wuce Jupita da tazarar kilomita miliyan 53 zuwa 54. Rubuta ka ajiye.

Kawu Bala: In ya wuce ɗin wa zai gaya min, su ɗin dai?

Maman Ilham: Innalillahi Kawu 🤦🏾‍♀️

Injiniya: Ba sai su ba. Shiga shafin Horizons na JPL, wata cibiyar NASA, kyauta ne, ka saka sunansa da garin da kake da kwanan wata ya ba ka inda zai kasance a sama. Sannan masu na'ura na ƙashin kansu a Italiya da Japan da Brazil suna saka hotunansu kullum da lokacin da suka ɗauka, ka gwada ka gani ko sun dace. Borisov ɗin da aka sa wa na biyu sunansa ma ai ba ma'aikacin NASA ba ne, mutumin Kirimiya ne da ya haɗa na'urarsa da hannunsa, madubi santimita 65, da ita ya gano shi 30 ga Agusta 2019.

Ɗan Gwale: Na gode ƙwarai Malam da Injiniya. Tambaya ta ƙarshe, da ido ko da irin madubin nan na hannu mai ido biyu zan iya ganinsa daga nan?

Malam Lissafi: Da ido a'a, ko a lokacin da ya fi haske bai kai ba, yanzu kuma raguwa yake kullum. Na hannu ma ba zai yi ba. Sai na'ura mai madubi kamar santimita 20 zuwa sama ko kyamara da za ta buɗe ido na mintuna, a wajen gari inda ba fitilu, can bayan tsakar dare ta wajen taurarin Leo. Ga kuma hazon hunturun nan da ko wata da kyar ake gani wasu dararen.

Auta: Akwai wata na'ura a sashenmu a makaranta tana kulle a kabad tun da na shiga ban taɓa ganin an fito da ita ba, bari in tambayi mai riƙe da makullin ranar Litinin

Kawu Bala: In an buɗe a kira ni, da idona nake so in gani

Injiniya: Auta ka fara duba ko akwai ƙafafunta da gilashin ido, yawanci su ke fara ɓata. Turo min hoton rubutun da ke jikinta in ga girman madubin.